Koya wa Ma'aikatan Jinya Gane Ɗimuwar Majinyaci: Misali daga Ƙauyukan Hausawa na Kamlin, Sudan

1.0 Gabatarwa

A kowane babban asibiti akwai sashen da ake kwantar da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani ƙwarai, waɗanda dole a sa musu ido dare da rana. A Hausar asibiti ana ce masa sashen kulawa ta musamman, mutanen gari kuwa sukan ce masa "gobe da nisa". Nas ɗin da ke aiki a wannan sashe an koya mata ta auna bugun zuciya, da hawa da saukar jini, da numfashi, da zafin jiki, da yawan fitsari, ta rubuta kowanne a kan lokacinsa. Amma akwai gaɓa ɗaya da ba kasafai ake aunawa ba, ita ce ƙwaƙwalwa. Ciwo mai tsanani yakan taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda yake taɓa ƙoda ko huhu, kuma alamar wannan taɓuwa ita ce ruɗewar hankali farat ɗaya, wadda likitoci suke kira diliriyam.

Wannan takarda za ta yi bayanin wannan larura, da yadda ake koya wa ma'aikatan jinya gane ta. An ɗauki yankin Kamlin na ƙasar Sudan a matsayin misali, domin a can ne za a ga fili cewa awon hankali da harshe ake yin sa, kuma idan harshen majinyaci daban ne da na nas, awon kan iya ba da amsar ƙarya. Kafin a ci gaba, yana da kyau a rarrabe kalmomi uku masu kama da juna: majinyaci shi ne marar lafiya, mai jinya shi ne ɗan'uwan da ke zaune da shi a asibiti, ma'aikacin jinya kuwa shi ne nas, namiji ko mace.

2.0 Kamlin da Hausawan Jazira

Kamlin gari ne a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, a arewacin jihar Jazira, a kan titin da ya tashi daga Khartum zuwa Wad Madani, babban birnin jihar. Kalmar jazira a Larabce tana nufin tsibiri, an kuwa ba ƙasar wannan suna ne saboda tana tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu.

Hanyar hajji ce ta fara kai Hausawa wannan ƙasa, wasu suka zauna neman guzuri, zama ya zarce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a masu yawa, har suka zauna kusa da Sinnar a garin da ake kira Mai Wurno har yau. A 1925 kuma aka buɗe madatsar ruwa ta Sinnar, aka soma babban aikin noman auduga na Jazira, wanda ya jawo dubban 'yan ƙwadago daga yamma. Wasu sun kafa ƙauyuka, wasu kuma suna zaune a zangunan manoma da ake kira kambo, jam'insa kanabi. Jikokinsu 'yan Sudan ne, suna jin Larabci, amma a gidaje da yawa Hausa ce harshen cikin gida, kuma akwai tsofaffi, musamman mata, da Larabcinsu bai wuce na kasuwa da gaisuwa ba.

Idan ciwo ya tsananta a irin waɗannan ƙauyuka, akan kai mutum asibitin gari, daga nan a tura shi Khartum ko Wad Madani, inda akwai asibitin koyarwa da asibitin ƙoda da Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya wargaza wannan tsari. Dakarun RSF sun shiga Wad Madani a Disamba 2023, sojojin gwamnati suka ƙwato birnin a Janairu 2025, a tsakanin nan kuwa asibitoci da dama sun rufe, an wawashe kayan aiki, ƙwararru sun yi gudun hijira. A inda na'urori suka yi ƙaranci, ilimin da ba ya bukatar lantarki ko tsada yana ƙara daraja. Gane ɗimuwa yana cikin irin wannan ilimi, don ido da kunne da minti biyu kawai yake bukata.

3.0 Mece ce Ɗimuwar Rashin Lafiya?

Hausa tana da kalmomi da dama da suka kewaye wannan larura. Akwai sambatu, wato maganar da ba kai ba gindi da mai zazzaɓi yake yi. Akwai magagi, kamar na wanda aka tasa daga barci. Akwai ruɗewa da ɗimuwa. A Larabcin littafi ana ce mata hazayan, a Larabcin Sudan kuwa ana kiran sambatun zazzaɓi hadraba. A wannan takarda an zaɓi "ɗimuwa", saboda sambatu magana kawai yake nunawa, alhali da yawa daga cikin masu wannan larura ba sa cewa uffan.

Ɗimuwa tana da siffofi uku da ake gane ta da su. Na farko, tana zuwa cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Na biyu, tana hawa tana sauka: da hantsi mutum ya gane kowa, da dare ya kasa gane 'yarsa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, hankalin majinyaci ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba ya iya bin magana daga farko zuwa ƙarshe. Waɗannan siffofi ne suka bambanta ta da gigin tsufa, wanda yake shigowa a hankali cikin watanni da shekaru, suka kuma bambanta ta da taɓin hankali, wanda mai shi yakan kasance a farke sarai, ya san inda yake.

Masana sun kasa ta gida uku. Akwai mai tayar da hankali, inda majinyaci yake fizge-fizge, yana ƙoƙarin cire robar ƙarin ruwa, yana ganin abin da babu. Akwai mai shiru, inda yake kwance lamo, ido a buɗe ko rabin rufe, ba ya neman komai. Akwai kuma mai haɗa biyun. Ta farko ba ta ɓoyuwa, don duk ɗakin zai ji ta. Ta biyu ce ake yawan tsallakewa, domin nas mai majinyata da yawa takan ɗauki mai shiru a matsayin mai sauƙin kai, masu jinya kuma su ce yana hutawa. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma a sashen gobe da nisa sau da yawa magana ce marar daɗi.

4.0 Dalilin Gane ta da Wuri

Ɗimuwa alama ce ta cewa wani abu ya lalace a jiki. A yanki irin na Jazira, inda magudanan ban-ruwa suke tara sauro, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kan gaba. Akwai kuma taifot, da ciwon huhu, da ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, da bushewar jiki saboda amai da gudawa, kamar yadda aka gani a annobar kwalara da aka sanar a Sudan a Agusta 2024. Haka nan faɗuwa ko hauhawar sukari a jini, da gazawar ƙoda ko hanta, da ƙarancin iskar oksijin, da fitsarin da ya taru ya ƙi fita, da ciwon da ba a ba da maganinsa ba, da rashin barci. Magungunan asibiti su kansu suna jawo ta, musamman masu sa barci irin su diyazefam da 'yan'uwansa. Yawancin waɗannan abubuwa ana iya gyara su idan an gano su kan lokaci.

Bincike ya nuna girman haɗarin. A 2004 Dokta Wesley Ely da abokan aikinsa na Jami'ar Vanderbilt a Amurka sun buga sakamakon bibiyar majinyata 275 da aka ɗora a na'urar numfashi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka iya gwadawa sun yi ɗimuwa. Cikin wata shida, kashi 34 cikin 100 na masu ɗimuwa sun rasu, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 15 ne. Wani bincike na wannan jami'a da aka buga a 2013 ya nuna cewa gwargwadon daɗewar ɗimuwa, gwargwadon raunin tunani da mantuwa da mutum zai fita da su, har bayan shekara guda da sallama.

Duk da haka, ido kaɗai ba ya kama ta. Dokta Sharon Inouye, wadda a lokacin take Jami'ar Yale, ta nuna a 2001 cewa a ɗakunan tsofaffi, ma'aikatan jinya da suka dogara da lurarsu ta yau da kullum, ba tare da yi wa majinyaci gwajin tunani ba, sun gane kashi 31 cikin 100 ne kacal na majinyatan da ke da ɗimuwa. Waɗanda aka fi tsallakewa su ne masu shiru, da waɗanda suka kai shekara 80, da masu raunin gani, da masu gigin tsufa.

5.0 Yadda Ake Awon

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a sashen kulawa ta musamman shi ne CAM-ICU, wanda Ely ya fitar a 2001, ya gina shi a kan wani ma'auni da Inouye ta tsara a 1990. An tsara shi ne ta yadda ko wanda aka zura wa bututun numfashi, ba ya iya magana, za a iya gwada shi. An fassara shi zuwa harsuna da yawa, har da Larabci.

Nas takan fara da auna farkawa da sikelin RASS, wanda aka fitar a 2002. Sikelin ya tashi daga +4, wato mai faɗa da duka, ya bi ta 0, wato wanda ke farke cikin natsuwa, ya sauka zuwa -5, wato wanda ko an girgiza shi ba ya motsi. Takan kira sunansa ta ce ya dube ta, ta lura ko ya buɗe ido, da tsawon lokacin da ya iya riƙe kallon. Idan yana -4 ko -5, ya yi nisa da yawa, sai a dakata a sake dubawa daga baya. Idan ya fi haka, sai a duba abubuwa huɗu.

Abu na farko: shin hankalinsa ya canza daga yadda aka san shi, ko yana hawa da sauka cikin awa 24 da suka wuce?

Abu na biyu: tsayuwar hankali. Nas takan riƙe hannunsa ta ce, "Zan karanta haruffa goma, duk lokacin da ka ji A, ka matse hannuna." A Turanci jerin shi ne S A V E A H A A R T. Idan bai matse a kan A ba kuskure ne, idan ya matse a kan wani harafi shi ma kuskure ne. Kuskuren da ya wuce biyu yana nuna hankali ba ya tsayawa.

Abu na uku: matsayin farkawa, wato idan sikelin RASS ya nuna wata lamba da ba 0 ba.

Abu na huɗu: tsarin tunani. Akan yi tambayoyi huɗu na i ko a'a: ko dutse yana tasowa saman ruwa, ko akwai kifi a teku, ko laba ɗaya ta fi laba biyu nauyi, ko ana buga ƙusa da guduma. Sannan nas ta ɗaga yatsu biyu ta ce ya yi haka, ta ce kuma ya yi da ɗaya hannun ba tare da ta sake nuna masa ba. Kuskuren da ya wuce ɗaya yana nuna tunani ya hargitse.

Idan an sami abu na farko da na biyu, tare da na uku ko na huɗu, majinyaci yana cikin ɗimuwa. Ana so a yi wannan awo aƙalla sau ɗaya a kowane kamun aiki, safe da yamma da dare, tunda larurar tana ɓuya tana fitowa. Akwai wasu ma'aunai biyu da ake amfani da su: ICDSC na Montreal a Kanada, shi ma na 2001, mai abubuwa takwas da nas ke lura da su tsawon aikinta, da kuma 4AT da aka tsara a Edinbara a 2011 don ɗakunan da majinyata ke iya magana.

6.0 Inda Harshe da Al'ada Suke Shiga

A ɗauka an kawo wata tsohuwa daga wani kambo kusa da Kamlin, tana fama da zazzaɓi mai tsanani. A rana ta biyu nas ta yi mata magana da Larabci, sai ta amsa da Hausa, alhali jiya tana amsawa da Larabci. Nas ɗin da ba ta jin Hausa tana iya yin kuskure iri biyu. Tana iya ɗaukar magana mai ma'ana a matsayin sambatu. Tana kuma iya ɗaukar sambatu na gaske a matsayin "yarensu" ne kawai, ta wuce. An san cewa mai harshe biyu idan ƙwaƙwalwarsa ta gaji yakan koma harshen da ya sha a nono, saboda haka wannan sauyi shi kansa abin rubutawa ne. Maganin kuskuren shi ne a kira mai jinya a tambaye ta, "Abin da Inna take faɗa yana da kai? Haka take magana a gida?" Sanin hali ya fi sanin kama, kuma abu na farko a ma'aunin, wato ko mutum ya canza, 'yan'uwa ne kaɗai za su iya amsa shi da kyau.

Gwajin haruffa ma yana da matsala. Wanda bai yi boko ba, harafin A ba ya nufin komai a wurinsa. Wanda ya yi makarantar allo, wadda a Sudan ake kira khalwa, ana iya gwada shi da baƙaƙen Larabci. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ma'aunin yana da gwajin hotuna: a nuna masa hotuna biyar, sannan a nuna goma, ya nuna waɗanda ya riga ya gani. Wasu fassarori kuma sun sa lambobi a madadin haruffa.

Tambayoyin nan huɗu suna bukatar fassara mai lura. Bahaushen Jazira ba ya awo da laba, da ratal ko kilo yake yi. Kalmar bahar, wadda a Larabcin littafi take nufin teku, a bakin mutanen Sudan kogin Nilu take nufi, kuma ita ce tsohuwar za ta fi ganewa. Guduma tana iya zama shakush a bakin wanda ya tashi a can. Ma'aunin 4AT yana tambayar ranar haihuwa, da lissafa watanni daga Disamba zuwa baya. Tsofaffi da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, takardunsu ma 1 ga Janairu aka rubuta musu bisa ƙiyasi. Watanni kuwa, mutanen Sudan da lamba suke kiran su, wata ɗaya, wata biyu, wasu kuma da watannin Musulunci suke lissafi. Kasa amsa irin wannan tambaya ba ya nuna ɗimuwa. Ya fi dacewa a tambayi kwanakin mako daga Juma'a zuwa baya, ko a ce, "Baba, wace salla aka yi yanzu?" Sai dai duk wani sauyi da aka yi wa ma'auni, wajibi ne a gwada shi a kan majinyata, a kwatanta da hukuncin ƙwararren likita, kafin a dogara da shi. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin masana harshe da masana lafiya.

Akwai kuma kunya. Matar da ta ƙi haɗa ido da nas namiji tana iya zama cikin hankalinta sarai, ladabi take yi. Dattijo yana iya ƙin matse hannun macen da ba muharramarsa ba. A irin wannan hali a sami nas jinsi ɗaya, ko a ce ya buga yatsa a kan gado. Haka nan "lafiya lau" da "to" ba shaida ba ce ta natsuwar hankali, domin gaisuwa ta zauna a baki, ko mai ɗimuwa yana iya amsa ta daidai.

Daga ƙarshe akwai fassarar da iyali suke yi wa abin da suka gani. Idan uba ya soma ganin mutane a jikin bango, ko yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, wasu za su ce iska ce ko sammu, wasu su ce magagin mutuwa ne. Haɗarin shi ne a ɗauke shi daga asibiti a daidai lokacin da ya fi bukatar magani. Nas ɗin da ta samu horo ba ta gardama da iyali. Takan ce, "Ku ci gaba da addu'a a nan kusa da shi, muryarku tana kwantar masa da hankali. Amma ciwon ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, muna neman dalilin, kuma yawanci yana wucewa idan ciwon ya lafa."

7.0 Tsarin Horo

Lacca ɗaya ba ta isa ba. Lokacin da aka fara gwada CAM-ICU, nas-nas na bincike da suka ƙware sun kama fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ɗimuwa. Amma a 2011, da aka duba yadda ake amfani da shi yau da kullum a asibitoci goma na ƙasar Holan, sai aka tarar kashi 47 kawai ake kamawa. Ma'auni ɗaya ne, bambancin yana wajen horo da naci.

Horo mai amfani yana da matakai. A fara da gajeren darasi kan ma'anar larurar da ire-irenta, a fi ba da ƙarfi ga mai shiru. Sai a yi kwaikwayo, ɗaya ya zama majinyaci ɗaya nas, da Larabci da kuma Hausa. Sai a tafi bakin gado, malami ya yi, ɗalibi ya yi. Bayan haka a riƙa awon mutum biyu lokaci-lokaci: nas ta auna, ƙwararriya ta auna ita ma, a kwatanta, a tattauna inda aka saɓa. Kowane ɗaki ya sami mutum ɗaya da zai zama jagora, ya koya wa sababbin zuwa. A ware gurbi a takardar awo kusa da na zafin jiki, a kuma faɗi sakamakon wajen miƙa aiki. A rubuta tambayoyin da Hausa a ƙaramin kati, a san ma'aikatan da ke jin harshen a kowane kamun aiki. Sharaɗi na ƙarshe yana kan likitoci: idan nas ta ce ta sami ɗimuwa ba wanda ya motsa, nan da mako biyu za ta daina awon.

8.0 Bayan An Gano

Aikin farko shi ne neman dalili: a auna sukari da oksijin da zafin jiki, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a taɓa mara a ji ko fitsari ya taru, a duba jerin magunguna tare da likita. Na biyu shi ne gyara muhalli. A buɗe taga da rana, a rage haske da hayaniya da dare, a mayar wa majinyaci tabaransa, a riƙa faɗa masa rana da wurin da yake, a zaunar da shi ko a taka da shi da zarar ya iya, a bar ɗan'uwa kusa da shi. A 1999 Inouye ta nuna cewa irin waɗannan matakai sun rage ɗimuwa a tsakanin tsofaffi daga kashi 15 zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. Ɗaure majinyaci a gado yana ƙara masa tsoro da fizge-fizge. Allurar barci kuwa tana mayar da ɗimuwa mai hayaniya ta koma mai shiru ne kawai. Diyazefam yana da wurinsa a jijjiga da kuma ɗimuwar wanda ya daina giya farat ɗaya, amma a sauran yakan ƙara dagula lamarin. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa halofiridol bai rage kwanakin ɗimuwa ba, don haka likita yakan ajiye shi ne don wanda ke neman ji wa kansa ko wani ciwo.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ɗimuwa gazawar ƙwaƙwalwa ce da ciwo mai tsanani yake jawowa, tana da yawa, tana da haɗari, kuma nau'inta mai shiru ba ya bayyana sai an neme shi. An kuma ga cewa ma'aunin gane ta gajere ne, amma ya dogara da fahimtar juna tsakanin nas da majinyaci. A ƙauyukan Hausawa na Kamlin da sauran Jazira, horon da bai haɗa da harshe da mai jinya ba zai tsallake tsofaffin da suka fi kowa shiga haɗarin. Ɗaliban Hausa suna da abin yi a nan: tattara kalmomin ciwo da Hausawan Sudan suke amfani da su, da fassara tambayoyin awo yadda tsohuwar kambo za ta gane su da ji ɗaya.